Abin da Ya Ciji Ladan

Duk wanda ya kwana biyu a Bukkuyum ya san Makau mai wayarin. In bai san sunansa ba, ya san surarsa: gajere mai faɗin ƙirji, filaya a aljihun baya, testar gwada wuta a soke a gefen hula, yana sauri kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta. An haife shi ana tsuga ruwa, shi ya sa kakarsa ta laƙaba masa Makau, har sunan yanka ya ɓace. Ubansa manomin gero ne, ya kuma so ƙwarai ɗan ya gaje shi, amma yaron fartanya ba ta zama a hannunsa. Abin da ke zama a hannunsa tocila ce da rediyon mutane. Sai ya wargaza su ya ga abin da ke ciki, wani lokaci ya iya mayarwa, wani lokaci a nemo masa bulala. Da uban ya gaji da ba maƙwabta haƙuri, sai ya kai shi Gummi wurin wani mai gyaran wuta da ake kira Bature, ya ce ga shi nan, ya je ya ɓata na mutanen Gummi.

Bature ba shi da yawan magana, guntun kebur ɗin da ke hannunsa shi ke yi masa rabinta. Karatunsa guda ne, kullum shi yake maimaitawa. Wuta ba ta zama inda aka ajiye ta, hanyar komawa take nema, kuma ba ta jin kunyar kowa. In ta sami jan ƙarfe ta bi, in kwanon rufi ne ta bi, in ruwa ne ko jiƙaƙƙiyar ƙasa ta bi. In kuwa ba ta sami komai ba sai ɗan Adam tsaye ba takalmi, to ta cikinsa za ta wuce. Roba da kwalba da busasshen ice su ne ba ta iya ratsawa. Yakan tsaya a bakin shago ya nuna kurciya zaune a kan wayar wuta, ya ce, “Kun gan ta? Ba laya gare ta ba. Ƙahwahunta dut bisa waya guda suke, wuta ba ta da inda za ta bi ta cikinta. Ranad da tat taɓa waya da ƙasa tare, ranan nan kuna cin nama.” Makau ya haddace wannan karatu tsaf. Wanda duk ya ce bai sani ba ya yi masa ƙarya, kuma wannan ne ya fi ci masa rai daga baya.

Da aka yaye shi, zinariya ce ke tashe, sai ya bi ayari zuwa Abare, yana ja wa masu injin niƙan dutse wuta, yana gyara musu janareta. Da yara suka soma ciwo a ƙauyen, aka zo ana kankare ƙasar gidaje saboda gubar dalma, sai jikinsa ya yi sanyi, ya tattara kayansa ya komo gida. Ya buɗe ɗan shago kusa da tasha, ya auri Sahura, suka haifi ’ya’ya. Fanka, sola, cajin waya, injin markaɗe, ba abin da ba ya taɓawa, kuma hannunsa na da albarka. Aibinsa ɗaya, kuma aibin masu saurin hannu ne: ya yarda da kansa fiye da kima, kalmar gobe kuma ba ta yi masa nauyi a baki. In ya haɗa waya biyu baƙin salatif ya ƙare masa, ba ya komawa shago. Sai ya yagi baƙar leda ya naɗe mahaɗin, ya ɗaure, ya ce gobe zai dawo ya yi na gaskiya. Ba shi ya ƙago wannan dabara ba, duk masu sana’ar suna yi, ledar ma ai roba ce. Sai dai leda ba ta jure zafi, kowa kuma ya san haka.

A masallacin unguwarsu, can bayan rumfunan hatsi, akwai ladan, Malam Shitu. Dogon tsoho ne siriri, mai sayar da kanwa da gishiri, wanda muryarsa ta fi jikinsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Tun kafin a san lasifika a unguwar yake kiran salla, yana hawa ’yar matakalar ƙasa ya toshe kunne. Rabin mutanen unguwar shi ya yi musu kiran salla a kunne ranar da aka haife su, har da ’ya’yan Makau. Yana da wata al’ada da ba ya saɓawa: ko yana da alwala sai ya sake sabuwa kafin kowane kira, ba ya kuma goge ruwan, haka zai shigo yana ɗiga daga gemu da gwiwar hannu. Ba ya tsayawa kan tabarma. Wurinsa shi ne tsiraran simintin bakin ƙofa, inda zai iya hango masu zuwa da masu noƙewa. Shi da uban Makau aminai ne, don haka yana ce wa Makau “ɗana”, shi kuma yana ce masa “Baba Ladan”.

Wata shekara da rani wani ɗan kasuwa ya saya wa masallacin janareta da sabon akwatin lasifika da makirfo mai jikin ƙarfe. Makau ya ce shi zai haɗa, sadaka. Ya ajiye janaretan a ƙasa bayan masallaci, ya jawo waya ta taga, ya kai ta bayan akwatin. Wayar ta gaza, ya yi mata ƙari. Ya laluba aljihu, ba salatif. Ya dubi rana, ya ga azahar ta kusa, ga dattawa sun zuba ido suna son su ji sabon abu. Ya tsinci baƙar leda a gindin katanga, ya naɗe mahaɗin, ya tura shi bayan akwatin, ya jingina da jikin ƙarfen. Malam Shitu ya yi kira, aka ji shi har tasha, aka yi ta sa wa Makau albarka. Goben da ya ce zai dawo ta zo ta wuce bai dawo ba.

Rani ya wuce lafiya. Ƙasa a bushe, siminti a bushe, ko da wuta ta sami mafita ba ta da hanyar komawa. Da damina ta sauka, wata rana tsohon ya biyo ta shagon, ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa.

“Ɗana, abin ga naka shina cizo.”

“Wane abu, Baba Ladan?”

“Abin magana. In nir riƙe shi sai in ji awa tururuwa na bin hannuna.”

Makau ya je da hantsi, rana ta fito, hannunsa a bushe ƙamas. Ya tayar da janareta, ya tsaya a kan tabarmar roba da aka shimfiɗa a masallacin, ya damƙi makirfon, ya juya shi, har ya manna shi a kumatu. Bai ji komai ba. Ta yaya zai ji, yana tsaye a kan roba? Testa na soke a hularsa, bai ko zare ta ba. Ya yi dariya ya ce, “Baba, wanga ba wuta ba ta, sanyin damina na cikin gaɓɓai. A nemi man zafi.” Ledar ta faɗo masa a rai a lokacin, ba za a ce ba ta faɗo ba. Sai wayarsa ta yi ƙara, mai injin markaɗe na kiransa, ya fita da sauri. Tsohon ya ƙara yi masa magana bayan ’yan kwanaki, har ya tambaya ko ya naɗa wa abin tsumma. Makau ya ce zai leƙo.

Ranar da abin ya faru tun safe ake ruwa, bai ɗauke ba sai bayan azahar. Iska ta kaɗo shi ta ƙofar masallaci, simintin bakin ƙofa ya jiƙe sharkaf, janaretan kuma yana zaune cikin taɓo. Makau na rumfar mai shayi a tsallaken hanya lokacin da aka fara kiran la’asar. Kabbara ta farko ta fita lafiya. A ta biyu muryar ta karye, ta koma wani gurnani mai tsawo da ba a taɓa jin irinsa daga bakin Malam Shitu ba, lasifika kuma ta ɗauka ta rarraba wa unguwa duka. Makau bai san lokacin da ya yar da kofin shayi ba.

Ya tarar da tsohon a tsaye yana karkarwa, hannunsa ya ƙanƙame makirfon, haƙora a datse, kumfa na fita ta gefen baki. Mutanen da suka riga shi shiga sun ja da baya sun manne da bango. Wani yana cewa, “Farfaɗiya ta! Kada wanda yat taɓa shi, yawun na kamu!” Haka mutane da yawa suka ɗauka a wajenmu, cewa farfaɗiya ana ɗaukarta a yawu, ko da yake ba haka ba ne. Ikon Allah, wannan kuskuren ne ya tsare su ranar, don da wani ya rungume shi da jiƙaƙƙun ƙafafu, da su biyu wutar za ta haɗa. Makau kallo ɗaya ya yi ya gane. Ya zagaya ta kan tabarma, ya fizge wayar daga soket. Ba wanda ya lura, idon kowa na kan tsohon. Hannun ya saki, Malam Shitu ya zube.

Makau ya ɗauke shi cak, ya share masa baki da hannun rigarsa, ya goya shi a babur zuwa gida. A hanya ya ga ɗan ƙunar da ke tsakiyar tafin hannun tsohon, fari, bai fi ƙwayar wake ba. Ya gani da kyau. Kafin ya fito daga gidan labari ya riga ya zagaya, cewa ladan ya faɗi da farfaɗiya, kowa ya gudu, Makau kaɗai ya yi ta maza.

Daga nan bai wuce gida ba. Ya biya shago ya ɗauki salatif, ya koma masallaci kafin magariba, lokacin ba kowa. Ya jawo akwatin. Ledar ta narke ta dunƙule, jan ƙarfen ya fito tsirara ya manne da jikin akwatin, daga akwatin kuma wutar ta bi wayar makirfo har hannun mai riƙe da shi. Ya yanke wurin, ya sake haɗi, ya naɗe shi ninki bisa ninki. Ya kafa guntun rodi a ƙasa bayan taga, ya ja masa waya daga jikin akwatin, don ko wuta ta ƙara ɓallewa ta sami hanya mai sauƙi ta bar mutum. Aiki ne mai kyau, bai taɓa yin wanda ya fi shi ba. Ya gaya wa kansa don kada wani ya ƙara cutuwa yake yi, kuma gaskiya ne. Amma ba wannan ne ya sa ya jefa narkakkiyar ledar cikin kwata ruwa ya tafi da ita ba.

Da Malam Shitu ya warware, sai ya ce wa Liman Mas’ud shi fa ba shi da farfaɗiya, ba a taɓa yinta a zuriyarsu ba, abin maganar nan ne ya kama shi, ya ma faɗa wa Makau tuntuni. Liman mutum ne mai adalci. Ya tara dattawa bayan azahar, ya sa aka kira Makau.

“Makau, kai am masani,” in ji Liman. “Malam Shitu ya ce ƙarhen ga ya kama shi. Duba muna, mu san abin da muka ciki.”

Nan ne wurin. Magana guda ce, ba ta kai tsawon fatiha ba: ni na naɗa leda, ta narke, na gyara. Makau ya dubi fuskokin dattawan, mutanen da kwana biyun nan suke tare shi a hanya suna sa masa albarka. Ya tuna shagonsa, ya tuna yadda garin nan ba ya manta suna in ya laƙaba wa mutum. Sai ya fita ya yi alwala, ya shigo yana ɗiga, ya tsaya ba takalmi a daidai inda ladan ke tsayawa, ya damƙi makirfon da hannu biyu, ya kai shi har leɓe ya yi sallama. Lasifika ta amsa tas. Ya miƙa wa Liman, Liman ya riƙe. Makirfon ya zagaya hannu-hannu.

“Ni dai ban ji komi ba,” in ji Makau.

Bai yi ƙarya ba, in ana bin kalma. Malam Shitu ya daɗe yana kallon makirfon a hannun mutane. Ya buɗe tafin hannunsa ya duba, ya rufe. Can ya ce a hankali, “To. Ashe jikina na.”

Ba wanda ya kore shi, mutanenmu ba sa kora da baki. An dai ce ya huta har ya ji ƙarfi, aka ba Junaidu tela riƙon kiran salla, aka sake soson bakin makirfon. Daga nan abubuwa suka yi ta sauyawa ba tare da kowa ya yi shawara da kowa ba. Butar da ya yi alwala da ita sai ta kwana a gefe ba mai ɗauka. A sahu sai a bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa. Da yamma in magidanta suka fito da abinci ƙofar gida don ciyayya, sai a zuba masa nasa a kwano daban, a ce don ya ci a natse. Matarsa Asabe ta shiga nemo sassaƙe da rubutu, ta hana shi zuwa bakin rijiya, ta hana shi zama kusa da murhu, ta sa aka jingine kekensa. Masu sayen kanwa suka koma teburin gaba. Ciwon bai sake tasowa ba, don babu shi, sai aka ce magani ya karɓe shi, a ci gaba da sha.

Makau kuwa kasuwarsa buɗewa ta yi. Masallatan ƙauyuka suka riƙa aiko masa, ana cewa a kira mutumin nan mai tsoron Allah. Ya sayo salatif jaka guda, ya shiga bin gidajen da ya taɓa yi wa aiki ba wanda ya kira shi, yana buɗe tsofaffin mahaɗai yana sakewa. Da yamma sai ya je ya zauna kusa da Malam Shitu, ya sa hannu cikin kwanonsa su ci tare. Ya yi zaton hakan zai rage masa nauyi, sai ya ƙaru, domin duk lomar da ya kai baki ana kallonsa ana cewa Allah ya yi wa uwar da ta haife shi albarka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In Junaidu ya fara kira, Makau sai ya tayar da wani inji a shago ko ba ya bukata. Ya rame, ya yi baƙi, yana jin kunyar kansa, kuma ya san sunan abin da ya yi. Sakacin leda kuskure ne, irin wanda kowane mai sana’a kan yi. Abin da ya yi a gaban dattawa da jiƙaƙƙen hannu ba kuskure ba ne.

Haka aka ci kaka, aka shiga rani. Sai Hafsa, ’yar autar Malam Shitu, ta zo goyon ciki ta haihu namiji. Makau ya je barka, ya tarar da tsohon zaune a zaure ya sa farar riga, ya yi alwala, yana jira a fito masa da jikansa ya yi masa kira a kunne kamar yadda ya yi wa ’ya’yan kowa. Aka fito da jaririn a naɗe cikin zane. Tsohon ya miƙa hannu. Matar da ta ɗauko shi ta ɗan tsaya, ta dubi ƙasa, sai ta wuce ta miƙa wa Liman. Malam Shitu ya mayar da hannayensa kan gwiwa, ya yi murmushi, ya ce, “Daidai na. Kada in hwaɗi da shi.” Liman ya yi kiran a kunnen yaron, leɓunan tsohon na bi a hankali ba sauti.

Makau ya koma gida bai iya cin abincin rana ba. Sahura ta ɗauke kwanon, ta dawo ta zauna a gabansa.

“Maigida, mi ad da kai? Tun damina nika kallonka. In mata za ka ƙara, hwaɗa mani in sani.”

Ya gaya mata duka, tun daga ledar har kwata. Ta murza bakin zanenta. Shi ya ɗauka za ta yi maganar shago da abin da za su ci, ya ma shirya amsa. Sai ta ce, “Kai. Tsohon da yay yi ma ’ya’yana kira ga kunne?” Ta miƙe, ta tsaya a bakin ɗaki ta juya masa baya. “Allah ya tsare ba ka kashe shi ba. To kada ka bari shi mutu da ciwon da ba shi da shi.”

Washegari bayan an sallame la’asar, kafin mutane su watse, Makau ya miƙe. Ya ce Malam Shitu ba shi da farfaɗiya. Ya ce wuta ce ta kama shi, ta bi ta makirfo, ta ratsa jiƙaƙƙen hannunsa, ta fita ta ƙafarsa zuwa jiƙaƙƙen siminti. Ya ce wuta in ta kama mutum haka take yi, ta ƙanƙame masa hannu ta datse masa haƙora. Ya faɗi ledar, ya faɗi yadda tsohon ya yi masa kashedi ya mayar da abin wasa, ya faɗi yadda ya lallaɓo ya gyara kafin a gwada. Ya ce a mayar wa Baba Ladan kiransa, shi kuma a yi masa duk abin da aka ga dama. Ya zauna, zufa na bin bayansa. Rabon da ya ji numfashi na shiga masa har ciki irin haka tun ranar ruwan nan.

Can wani dattijo a sahun baya ya ce, “Allah sarki.” Wani ya amsa, “Ɗan halas.” Liman Mas’ud ya gyara zama, yana kallonsa da tausayi.

“Makau, mun gane inda kad dosa, Allah shi ba ka ladan niyya. Jiya kana zaure, ka ga abin da yah hwaru, zuciyakka ba ta ɗauka ba. Mu ma ba mu ji daɗi ba. Ruhin asirin dattijo abu na mai kyau. Amma ba a yin shi da ƙarya, balle cikin ɗakin Allah.”

“Malam, ba ƙarya nika yi ba.”

“Da idonmu munka gan ka, da ruwan alwala ga hannunka. Ni kaina na riƙe abin ga.”

“Ai na riga na gyara shi!”

“To ina ledad da kaka hwaɗi?”

“Na jehwa ta kwata.”

Liman ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro mai kyakkyawar zuciya. Makau ya ce a ba shi dama ya mayar da wayar yadda take, ya tsaya a wurin da kansa su gani. Liman ya ɗaga hannu ya ce subhanallahi, ba za a sa wa masallaci wuta da gangan ba don a ci gardama. Makau ya ce a dubi tafin hannun tsohon. Aka duba. Ɗan ƙunar ya daɗe da warkewa, ya ɓace cikin kantar hannun mutumin da ya yi shekaru yana fasa kanwa. Mutane suka fara miƙewa suna neman takalmansu. Duk wanda ya zo wucewa sai ya dafa kafaɗar Makau, wani ma har ya ce da unguwa na da irinsa biyu da an huta.

Aka bar su su biyu. Malam Shitu ya taso da sandarsa ya zo ya zauna kusa da shi. Idanunsa sun kawo ruwa.

“Ɗana, na ji daɗi. Ubanka ma da haka zai yi. Amma kada ka ƙara, ka jiya? Kana da iyali, kada ka ɓata sunanka don tsoho.”

“Baba, wallahi…”

“Kada ka rantse.” Ya ɗora masa hannu a gwiwa. “Da hwari ni ma haka niz zata. Na yi ta gardama da zuciyata, hal nig ga ka riƙe shi kana ɗigar ruwa. In da wani na, da ban yarda ba. Amma kai na. Na karɓi abin da Allah yad ɗora mani, na kuwa samu sauƙi tun da nik karɓa. Kada ka tada mani shi.”

Duk gaskiyar da Makau yake da ita ya riga ya zube ta a gaban jama’a, ba wanda ya ɗauka.

“Alhwarma guda nika so,” in ji tsohon, ya rage murya duk da ba kowa. “Kullum in na tsaya sahu gabana na hwaɗuwa, kada abin ga shi taso mani in ɓata ma mutane salla. Ka riƙa tsayawa kusa da ni. In ka ga na soma, ka jawo ni waje da sauri. Kai kaɗai ab ba ka ƙyamata.”

“To, Baba,” in ji Makau.

Har yau in ka shiga masallacin bayan rumfunan hatsi, za ka gan su a ƙarshen sahu ta wajen bango, dogon tsoho da gajeren mutum kafaɗa da kafaɗa. Makau na rufe shago ko yana tsakiyar aiki, ba ya bari a tayar da salla bai iso ba. In an sallame, tsohon yakan juyo ya ce masa, “Yau ma Allah ya tsare.” Makau ya ce, “Ya tsare, Baba.”